TARIHIN MARIGAYI BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER, ƊALIBI MAI LAMBA ƊAYA A KWALEJIN FOURAH BAY

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san darajar lambar shiga makaranta. Mutum yakan manta sunan littafin lissafin da ya karanta a aji ɗaya, amma da wuya ya manta lambar da aka rubuta masa a babbar rajista ranar da ya sauke akwatinsa, wadda kuma aka zana a jikin kwanonsa da bargonsa. A wajen taronmu na shekara-shekara ma, idan gardamar girma ta tashi tsakanin tsofaffin ɗalibai, lamba ce take raba ta. To, a wannan fitowa ina so in kawo wa 'yan'uwa tarihin mutumin da sunansa ne na farko a rajistar kwalejin da ta girmi duk wata makarantar ilmi mai zurfi irin ta boko a Afirka ta Yamma, wato Kwalejin Fourah Bay ta ƙasar Saliyo. Mutumin kuwa ɗan ƙasarmu ne, kuma ya sha zirga-zirga a bakin Kwara da Binuwai tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya.

ASALINSA DA KAMA SHI

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, a yankin da yake Jihar Oyo a yau. Ya taso a lokacin da daular Oyo take wargajewa, yaƙin basasa ya game ƙasa, kama mutane a sayar ya zama sana'a. A farkon shekarar 1821, yana da kimanin shekara 12, mahara suka auka wa garinsu da hantsi, suka cinna masa wuta. Kamar yadda shi kansa ya rubuta daga baya, maharan nan gamayyar Musulmin Oyo ne da Fulani. Aka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, aka sa musu igiya a wuya. Mahaifinsa kuwa, rabuwar ke nan.

Ba a daɗe ba aka raba shi da mahaifiyar tasa. An taɓa musanya shi da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka warware ciniki. Daga nan ya yi ta sauya iyayengiji daga wannan kasuwa zuwa waccan, har aka kai ga musanya shi da barasa da taba. Baƙin ciki da tsoron faɗawa hannun Turawan Fotugal suka sa ya yi yunƙurin shaƙe kansa, amma da yake da sauran shan ruwa a gaba, abin bai yiwu ba. Abin da yake gudu kuwa shi ya faru, domin a Ikko aka sayar da shi ga fataken bayi 'yan Fotugal.

A watan Afrilu na 1822 aka loda shi cikin jirgin ruwa tare da bayi fiye da 180. Ingila ta riga ta haramta fataucin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta kuma suna sintiri a gaɓar teku. Jirgin bai yi nisa da Ikko ba sai jiragen Ingila biyu suka tare shi, ɗaya a ƙarƙashin Kyaftin Henry Leeke. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da Ajayi ya hangi naman alade a rataye, ga kuma harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. A watan Yuni na wannan shekara aka sauke su a Freetown, inda ake zaunar da bayin da aka 'yanta.

SHIGARSA MAKARANTA

Aka kai shi ƙauyen Bathurst, hannun 'yan mishan na ƙungiyar CMS ta cocin Ingila. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. A ranar 11 ga Disamba, 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limamin coci a Landan wanda yake cikin kwamitin ƙungiyar. A 1826 aka tafi da shi Ingila, ya yi 'yan watanni a wata makaranta a unguwar Islington, ya komo Saliyo a 1827.

Komowarsa ta zo daidai da buɗe sabuwar kwaleji. Dalilin kafa ta kuwa a fili yake. Zazzaɓi yana kashe Turawan mishan tun ba su gama kwance kaya ba, saboda haka ƙungiyar ta ga ba makawa sai ta horar da 'yan ƙasa su zama malaman makaranta da masu wa'azi. An fara gwada wata makaranta a kan dutsen Leicester, aka mayar da ita Regent, ba ta yi ƙarko ba. A watan Fabrairu na 1827 aka sake kafa ta a unguwar Fourah Bay da ke gabashin Freetown, a ƙarƙashin wani Bajamushe, Charles Haensel. Ɗaliban farko ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sunan Samuel Crowther kuma shi ne a layin farko.

Da ya gama, sai ya kama aikin koyarwa a ƙauyuka. Ya auri Asano, wadda aka sa wa suna Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce da ta yi karatu, suka zauna tare wajen shekara 50. A 1834 aka dawo da shi Fourah Bay a matsayin malami, yana koyarwa yana kuma ƙara nasa karatun, musamman harshen Girkanci.

YADDA KWALEJIN TA BUNƘASA

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan mu dubi makarantar ita kanta, domin abin da aka shuka a cikinta shi ne ya fito a rayuwar ɗalibin nata. A farkon shekarun 1840 shugabancinta ya koma hannun Edward Jones, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya yi digiri a Kwalejin Amherst a 1826. A zamaninsa aka yi babban ginin kwalejin na bene. Gwamna William Fergusson, shi ma mai jinin Afirka, ya aza harsashinsa a 1845, aka gama a 1848. Katakon rufin kuwa, yawancinsa daga turakun jiragen bayi da aka kama aka samo shi. Wato itacen da ya ɗauko iyaye zuwa bauta shi ya koma yana yi wa 'ya'yansu inuwa a aji.

Karatun ba na wasa ba ne. Ban da ilmin addinin Kirista da lissafi da tarihi, ana koyar da Girkanci da Latin da Ibrananci da Larabci. Wani abin da ya ƙara wa wurin daraja shi ne Freetown ta tara mutane daga kusan kowace kusurwa ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kowa da harshensa. Wani malamin kwalejin, Bajamushe mai suna Sigismund Koelle, wanda ya iso a 1847, ya bi 'yantattun bayin nan ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu kalmomi kusan 300, ya jera su cikin harsuna fiye da 150, har da Hausar Kano da ta Katsina. Aka buga littafin a 1854 da sunan Polyglotta Africana, masana harsuna kuma ba su daina komawa gare shi ba. A wannan shekara ya fitar da nahawun Barbarci, wanda ya rubuta da taimakon wani dattijo ɗan Barno, Ali Eisami, da bauta ta jefa shi Saliyo.

Kwalejin ta sha faɗi-tashi. An rufe ta na 'yan shekaru daga 1859 saboda ƙarancin ɗalibai. A 1876 aka haɗa ta da Jami'ar Durham ta Ingila, aka kuma buɗe ƙofa ga ɗalibai masu biyan kuɗi waɗanda ba aikin coci za su yi ba. Ɗalibi yakan zauna a Freetown ya rubuta jarrabawar Durham, a kai takardunsa Ingila a jirgin ruwa a duba, ya sami digiri daidai da na ɗan Ingila. Kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗan Nijeriya mai neman digiri ba tare da ya ƙetare zuwa Turai ko Amurka ba, Fourah Bay ya kan nufa. Henry Carr ya bi ta nan, haka Kenneth Dike, masanin tarihi, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Ibadan, haka kuma Milton Margai, Firayim Ministan Saliyo na farko.

TAFIYE-TAFIYEN KWARA

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen ruwa uku su hau Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina sayar da bayi, a koma noma da halattaccen ciniki. CMS ta sa mutum biyu a cikin tawagar, James Schön da Crowther, aka kuma nemi su koyi Hausa saboda ita ce harshen fatauci a can sama. Tafiyar ta zama masifa. Cikin Turawa wajen 150, aƙalla 40 zazzaɓi ya kashe, jirgi ɗaya ne kawai ya kai Eggan a ƙasar Nupe. Amma rahoton da Crowther ya rubuta ya burge shugabannin ƙungiyar ƙwarai, sai suka kira shi Landan ya ƙara karatu, aka naɗa shi limamin coci a 1843. Schön kuwa Hausa ta zame masa aikin rayuwa: ya buga littafin kalmominta a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885.

Crowther ya fitar da littafinsa na farko a kan harshen Yarabanci a 1843. A 1845 ya sauka Badagry tare da wasu Turawan mishan, a 1846 suka shiga Abekuta. Bai fi 'yan makonni a garin ba sai ga wata tsohuwa an kawo masa. Ashe mahaifiyarsa ce, bayan shekara 25 da rabuwa, ƙannensa mata ma suna raye. Ta zauna tare da shi har ta rasu a 1883 da tsufa mai yawa.

Ya sake hawa kogi a 1854 tare da Dakta William Baikie, suka bi Binuwai. A wannan karon an riƙa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa tashar mishan a Anaca, ya bar wani tsohon ɗalibin Saliyo, J. C. Taylor, a wurin. Da suka ci gaba, jirginsu ya daki dutse kusa da Jabba ya nutse, suka yi kusan shekara guda a bakin kogi suna jiran wani. Crowther bai zauna haka kawai ba, ya duƙufa kan koyon Nufanci. Daga nan ne littafin koyon karatun Nufanci ya fito a 1860, nahawu da kalmomi a 1864, bayan na harshen Ibo da ya riga ya fitar a 1857. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko tare da rubuce-rubucen da ya yi shekara 11 yana tarawa. Ya sake ɗaukar alƙalami daga farko. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, wadda shi ne ƙashin bayanta, ta kammala a 1884, tsarin rubutun da ya yi amfani da shi kuma shi ne tushen rubutun Yarabanci na yau.

ZAMANSA BISHOP

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa aikin Bature ɗan mishan kamar na magini ne, in ya gama sai ya kwashe tsaninsa ya bar masu gida da gidansu. Shi ya dage har aka naɗa Crowther Bishop a babban cocin Kantabari ranar 29 ga Yuni, 1864, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Ingila. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Cikin mahalarta bikin har da Henry Leeke, wanda ya tsamo shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce. Amma tun ranar akwai lauje cikin naɗi, domin wasu Turawan mishan, irin su Henry Townsend na Abekuta, sun ƙi yarda su zauna ƙarƙashin baƙin mutum. Saboda haka aka ba shi yankin Kwara, aka cire wuraren da Turawa suke aiki.

Ya yi shekara 27 yana hawa da sauka a kogi, daga Bonny da Brass har Lakwaja da Bida. Makarantar da mishan ɗinsa ta buɗe a Lakwaja a 1865 ita ake lissafawa firamaren boko ta farko a Arewa. Aikin yana da haɗari. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson kusa da Idah yana neman fansar fam 1,000, wajen kuɓutar da su kuma kibiya mai dafi ta kashe mataimakin jakadan Ingila, William Fell.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne zamansa da Musulmi. Yana saurayin malami a Saliyo ya taɓa tsinke laya daga wuyan wani ɗalibi, uban yaron ya zo a fusace, aka yi ta musu ba a kai ko'ina ba. Daga irin wannan ya gane cewa gardamar addini da ɗaga murya ba ta haifar da komai sai gaba. Da ya girma, sai ya zama mai zuwa fada da ladabi, ya gai da sarki, ya ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya amsa tambayar malamai da natsuwa. Ya yi hulɗa da Etsu Masaba na Bida shekaru da dama, a 1872 kuma ya zauna a fadar Ilori aka yi masa tambayoyi a kan Annabi Isa, aka rabu lafiya. Bai sami mabiya masu yawa a ƙasar Nupe ba, amma ya sami amana. Shaida kuwa ita ce, a tsakiyar shekarun 1880, da barasar Turawa ta fara ɓata jama'a, Etsu Maliki ya aika da wasiƙa da Hausa domin a isar wa Crowther, yana kiransa uba, yana roƙon ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita ƙasarsa. Sarkin Musulunci ne ya ga ba wanda zai amince wa da wannan saƙo sai limamin Kirista.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya. Turawa sun sami maganin zazzaɓi, sun fara rabon Afirka, kamfanin George Goldie yana ture 'yan kasuwa baƙaƙe daga kogi, ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi. Gaskiya ne akwai rauni a mishan ɗin Kwara. Ma'aikatan kaɗan ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba, tashoshin suna nesa da juna, wasu sun shiga ciniki, wasu ma sun aikata manyan laifuffuka, Bishop kuma mutum ne mai sanyin hali da saurin yafewa. Amma maimakon a gyara, sai aka mai da laifin wasu ya zama hujja a kan launin fata gaba ɗaya.

A 1890 wasu samarin Turawa suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda burinsu shi ne shiga ƙasar Hausa. A wani taron kwamiti da aka yi a Anaca cikin watan Agusta, sakataren mishan, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da Bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa. Dattijo mai shekara 80 da ɗoriya, wanda ya fara wannan aiki tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Samarin ma ba su kai Kano ba: Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, aka kuma yi wajen shekara 60 kafin wani baƙar fata ya sake riƙe yanki nasa na kansa a cocin Ingila a ƙasar nan. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.

ABIN DA YA BARI

Zuriyarsa ta ci gaba da hidimar ilmi. Surukinsa, T. B. Macaulay, shi ma tsohon ɗalibin Fourah Bay, shi ya kafa makarantar CMS Grammar ta Ikko a 1859, sakandare ta farko a Nijeriya. Jikansa kuwa shi ne Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a ƙasar nan a 1923, ciwon ajali ya kama shi a Kano a 1946 yana rangadin NCNC, hotonsa kuma ya hau kan naira ɗaya. A 2005 aka buɗe jami'a mai sunan Ajayi Crowther a garin Oyo.

Kwalejin tasa ta koma kan dutsen Aureol bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta rabu da Durham a 1967 ta zama ɓangaren Jami'ar Saliyo. Tsohon ginin nan na 1848 kuwa wuta ta cinye shi a 1999 lokacin yaƙin basasar ƙasar, rufin katakon jiragen bayi ya tafi, bangaye kawai suka rage.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, yaron da aka taɓa musanyawa da doki ya mutu ya bar wa harsuna uku littattafai, abin da ya shiga tsakanin waɗannan abubuwa biyu kuwa aji ne da malami da allo. Mu ma wani ne ya gina ajin da muka zauna, wani ya haƙura da ƙaramin albashi ya koya mana. Kafin taronmu na gaba, ina roƙon kowannenmu ya samu lokaci ya leƙa makarantarmu, ya dubi rufin ajinsa na farko da ɗakin karatu, ya tambayi shugaban makaranta halin da tsohuwar rajista take ciki, sannan ya zo mana da abin da ya gani da abin da zai iya bayarwa. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.